Yadda Matattunmu Suka Sauya Wuri

Mu biyu aka haifa, amma ban san fuskar 'yar'uwata ba sai a madubi. Ƙyanda ta ɗauke ta muna tsakiyar koyon tafiya. Ni ma cutar ta kama ni, ina kwance a asibitin mishan jikin Inna, numfashi sama-sama, lokacin da Baba ya naɗe ɗayar cikin zane ya tafi da ita maƙabartar da ke bayan lambunan albasa. Inna ba ta je ba, don ba ta iya barina ba. Da na warke tsofaffi suka hana ta zuwa, wai idan uwar tagwaye tana zarya wurin wadda ta mutu, wadda ke ƙasa kan ja wadda ke raye. Mu masu bin Almasihu ne, kowace Lahadi muna benci na gaba a majami'a, kuma fasto ya sha faɗa mana cewa wannan camfi ne. Duk da haka ban taɓa taka maƙabartar nan ba har na girma, kuma Inna ba ta taɓa sayo mini 'yan kunne ba sai ta sayo biyu. Na biyun takan ƙulle shi a bakin zane ta jefa ƙasan adaka.

Baba ya rasu bai nuna mata wurin ba. Ita ba ta tambaya ba, shi kuma ba mai magana ba ne.

Ɓangaren yara a maƙabartarmu ba shi da suna ko ɗaya a ƙasa. Gicciyen itace da ake kafawa gara takan cinye shi kafin damina biyu, sai 'yar tarin tsakuwa ta rage, layi bayan layi, duk iri ɗaya. Amma tun zamanin da, wani dattijon majami'a ya riƙa rubuta sunayen a littafi bisa jerin yadda suke kwance. Sunan farko shi ne kushewar farko daga shingen ƙaya, na biyu yana biye da ita, haka har gindin aduwa. Babu lamba, babu zane. Inda sunanka ya faɗo a jeri, nan kake a ƙasa.

A ƙarshen shekarun casa'in aka ba ofishin majami'armu wani tsohon inji mai ƙwaƙwalwa, wanda kowa ke kira ordinata. Wanda ya san hannunsa shi ne taubashina, ɗan kawuna. Kawu makiyayi ne a wajen Tabotaki, musulmi, yana noma gero yana kiwon shanu, Hausa da Fillanci duk bakinsa ɗaya. Ɗansa ne kaɗai a gidan ya yi lakkwal, wato boko, har Yamai, ya dawo da tabarau da taƙama, aka ɗauke shi aiki a ofishin. Ni a lokacin ina Tawa ina koyon buga takarda da keken rubutu. Kafin in dawo ya kwashe sunayen littafin nan duka ya zuba a inji, ya rubuta wani shafi irin wanda mutanen Yamai ke buɗewa a intanet. Mu ba mu da intanet, ko tarho sai an je Madawa, amma shafin yana buɗewa daga wani ɗan faifan ajiya da ake kira disket. Idan ya buɗe sai ka ga maƙabartar a gilashin injin, ƙananan gidaje a jere, kowane da suna a ciki. Fasto ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a ƙara wurin dannawa da zai jera sunayen bisa haruffa, da wani da zai jera su bisa garuruwan iyaye, don masu zuwa tambaya daga Bangi ko Urno su sami nasu da sauri. Taubashina ya ƙara. Littafin kuwa aka mayar da shi kabad, gara ta yi bikinta a kansa cikin damina ɗaya, ba wanda ya damu tunda ga inji.

Da na dawo aka zaunar da ni a ofishin, ina buga takardun baftisma da na taron mata. Shafin maƙabarta ban taɓa buɗe shi ba. Ko an bar shi a buɗe na shigo, kauda kai nake yi, kamar yadda nake yi idan na bi ta bayan lambuna.

Idon Inna ya soma yana. Wata rana da hantsi tana tsintar wake a faifai, tana lalubawa da yatsa fiye da yadda take gani, ta ce da ni:

"Ke, in tambaye ki. Wai da gaske na, injin nan naku ya san inda anka sa kowa?"

Na ce haka aka ce.

"To ki tambayo min shi inda 'yar'uwarki take. Kin girma yanzu, ba ta iya jan ki. Ina so in ɗora mata dutse tun idona na gani."

Ashe har ta aika wa kawu. Ranar kasuwa sai ga shi ya sauko daga mota da wani faffaɗan dutse ja daga duwatsun Buza, ya naɗe shi da buhu kamar jariri. Bai tambayi abin da addininmu ya ce ba, mu ma ba mu tambayi nasa ba. Ya jingine dutsen a bangon ɗakin Inna, ya ce idan ruwa ya ɗauke, hanyar maƙabarta ta bushe, zai dawo ya kama mata. Tun daga ranar duk safiya sai ta shafa dutsen nan kafin ta shiga madafa.

Wuta a ofis da safe ake samunta, idan an tayar da gurup, injin ba da wuta, kafin azahar an kashe. Washegarin zuwan dutsen na shigo na tarar da shafin a buɗe, ba kowa a ɗakin. Na zauna na bi gidajen da ido har na ga sunanta. Yana can kusa da shingen ƙaya. Ban ƙirga layi ba, ban ƙirga gida ba, don ganin sunan kawai ya sa numfashina ya tsaya. Sunanta da nawa kusan ɗaya ne, ji na yi kamar kaina na gani a kwance. Na tashi na fita waje na sha iska, na ce gobe in na nutsu zan duba da kyau.

Da goben ta zo ni na kunna injin da kaina. Na kai ido wurin shingen ƙaya, sai na ga sunan wani yaro a gidan. Na bi layin sama da ƙasa, ba ta. Can na tsinkayo ta a tsakiyar fili. Na ce idona ne. Fasto ya shigo da wani baƙo daga Urno, suka duba abin da za su duba, suka fita. Na koma kujera na sake kallon maƙabartar, tsakiyar nan babu ita. Ta koma gindin aduwa.

Ba ita kaɗai ba ce. Da na daure na duba sosai, duk yaran sun motsa. Wanda na gani a kusurwa ɗazu ya koma ƙarshen layi, waɗanda ke nesa da juna sun matso sun kwanta kafaɗa da kafaɗa. Rana tsaka ce, awaki na kuka a waje, mata na daka a gidan fasto, amma tsikar jikina ta tashi har ƙeya. Ba na jin kunyar faɗa, tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne ta san ina nemanta, tana kauce mini, ko kuma matsowa take yi.

Na samu taubashina a inuwar ɗalbejiya yana shan shayi, na gaya masa. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Ke dai baƙauya ta, ko an kai ki Tawa. Mi kinka gani? Matattu na yawo cikin ordinata?"

Na ce, "Ƙaramin sani ƙuƙumi na. Taso ka gani da tabaraunka."

Ya taso yana mita, ya kashe shafin ya sake buɗewa, ya nuna mini gilashin da ɗan yatsa. "Ga su nan, kowa wurinshi. Ba su tahi ko'ina ba." Ita kuwa ta dawo tsakiya. Wannan ne ya ƙara firgita ni, wato idan shi ya zo sai su koma su kwanta kamar 'yan makaranta sun ji takun malam. Ban tsaya na ƙirga ba, ban ma yarda da abin da gilashin ke nunawa ba. Wuri uku na ganta, wanne zan kai wa Inna? Na ce masa ba zan sa tsohuwa ta ɗora dutse kan ɗan wani ba, sai ya bincika mini abin da ke motsa su. Ya ce idan ya dawo daga Keita zai duba, tunda har yanzu damina ce, ba gaggawa. A gida na ce wa Inna ana kan dubawa. Ta ce to, ta shafa dutsenta.

A makon da ya dawo wani jariri ya rasu a unguwarmu, aka kai shi. Aikin taubashina ne ya shigar da sabon suna. Yadda abin yake, shafin ba ya iya ajiye komai da kansa. Idan an ƙara suna, sai ya rubuto jerin gaba ɗaya a cikin wani akwati a gilashin, mutum ya kwafa ya ɗora kan tsohon da ke disket. Ranar, kafin ya ƙara sunan, ya danna jerin haruffa don ya ga yadda aka rubuta sunan gidan a baya. Sannan ya ƙara, ya kwafa, ya ɗora a disket. Da yake mai tsantseni ne, ya ɗauko disket na biyu da muke ɓoyewa saboda tsaro, ya ɗora a kansa shi ma.

Daga ranar suka daina komawa. Na buɗe da safe na ganta a shingen ƙaya. Na kashe na buɗe, tana nan. Na bi layin farko da ido sai na lura da abin da ban lura da shi ba a da saboda tsoro: duk sunayen layin da harafi ɗaya suka fara, na biye da su da harafi na gaba, haka har gindin aduwa, sai jaririn da aka kai jiya shi kaɗai a ƙarshe. Ƙyanda ba ta bin haruffa idan za ta ɗauki yara. Na kira taubashina.

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya kashe ya buɗe, ya kashe ya buɗe, ya sa disket na biyu. Ya buɗe rubutun da ke bayan shafin, ya daɗe yana kallon wani layi guda. Na ga gumi yana bin gefen tabaraunsa. Ya ce innalillahi a hankali.

Na ce ya yi mini bayani da Hausa.

Ya ce sunayen duka suna cikin abu ɗaya da ake kira tablo, wato jeri, kuma zanen maƙabarta daga jerin nan yake ɗauka, na farko a gidan farko. Wurin dannawar da fasto ya sa aka ƙara yana miƙa jerin ga wani ɗan aiki a cikin rubutun, wanda suke kira fonksiyo, shi ke tsara su bisa haruffa. Shi a zatonsa kwafi yake miƙawa.

"Kin san in babana ya ce ma wani shanunshi goma na, mutumin ya tahi ya ce tara, ba abin da ka samun garke. Lamba haka take cikin wanga rubutu, in ka miƙa ta, kwahinta ka miƙa. Amma tablo ba haka ba. In ka miƙa shi kamar ka ba da shanu kiwo na. Can wurin mai kiwo suna da wani suna da shi ka kiransu, amma su ɗin na dai. In ya yanke ma ɗaya kunne, taka ya yanke ma."

Wato duk sanda aka danna haruffa ko garuruwa, jerin na asali ake hargitsawa, shi ya sa na riƙa ganin sun tashi. Idan an kashe an buɗe sai a ɗauko mai kyau daga disket, su koma. Yanzu kuwa hargitsattsen aka ɗora a disket ɗin. Ya ce maganin kalma ɗaya ce, da ya sa ɗan aikin ya yi kwafi tukuna ya tsara kwafin. Ya rubuta kalmar a gabana, bai kai ƙiftawar ido ba. Na ce masa wannan ihu ne bayan hari.

Na zage shi ranar, zagin da ya wuce na taubasantaka, ya sunkuyar da kai bai rama ba. Muka buɗe kabad, littafin ya zama ƙasa, murfin kawai ya rage. Takarda ɗaya da aka taɓa bugawa aka manna a bango, ita ma ta haruffa ce. Dattijon da ya rubuta littafin ya daɗe da bin matattun. Taubashina ya ce in tuna inda na ganta sanda aka buɗe sabo, can ne gaskiya. Na ce tsakiya. Tsakiya kuwa faɗi gare ta, yaran shekarar ƙyanda ne cike da ita.

A hanyar gida maganarsa ta riƙa dawo mini, suna biyu amma abu ɗaya, abin da aka yi wa wancan an yi wa wannan. Tun ina yarinya haka tsofaffi ke faɗa game da mu.

Ban iya yi wa Inna ƙarya ba. Na zauna a tabarma na gaya mata injin ya rikita su, ba wanda ya san inda kowa yake. Na yi zaton za ta yi kuka ko ta tsine wa ɗan ƙaninta. Sai ta ɗora hannunta a kan dutsen. Can ta ce:

"Shi inji ai ba tare anka haihe su ba. Ke za ki nuna min."

Na ce Inna, ni fa ban san komai ba, kuma fasto zai ji.

"Hwasto ba shi da ɗiya can."

Da aka yanke gero kawu ya dawo. Muka tafi mu huɗu da rana, kawu da ɗansa suna ɗauke da dutsen, Inna tana riƙe da gwiwar hannuna. Wannan ne karo na farko da na shiga shingen ƙayar nan. Wurin ya fi yadda na zata ƙanƙanta. Ciyawa ta bushe, tarin tsakuwa a jere, kowane bai fi faifai ba, wasu sun nutse sai ka lura da kyau. Ba motsin komai, ko tsuntsu babu a aduwar. Mazan suka tsaya daga baki. Inna ta ce in cire takalmi.

Na cire, na shiga tsakiya, na soma bin layi a hankali. Ina sauraren jikina ko zan ji wani abu, sanyi ko faɗuwar gaba ko kira. Ban ji komai ba sai zafin ƙasa. Na kai ƙarshe na juyo na kama wani layin. Duk sanda na ɗaga kai sai in ga Inna ta ƙura mini idanun nan masu yana, tana bin inuwata. Haushi ya kama ni, na injin da na taubashina da na Baba da ya tafi da bakinsa a rufe, har da na ita wadda ta bar ni ina ta yawo a kanta. Tafin ƙafata ya soma ƙuna kamar na taka garwashi. Akwai wani ɗan kalgo da ya tsiro a gefen wata tarin tsakuwa, inuwarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba. Na sa ƙafafuna a ciki na tsaya. Allah ya sani don zafi na tsaya.

Sai ga kunama ta fito daga ƙarƙashin tsakuwar, baƙa, ƙari a sama. Ta hau babban yatsana, ta bi ta kan ƙafar a natse, ta sauka ta ɗaya gefen ta shige ciyawa. Ban yi ihu ba. A ƙasarmu kowa ya san abin da ake faɗa, kunama ba ta harbin tagwaye. Na kuma san kunama takan nemi inuwa da rana kamar kowa. Har yau ban san wanne zan riƙe ba.

Kawu ne ya gani, ya ce, "Yaya, kunama ta bi ta ƙahwarta, ba ta taɓa ta ba."

Inna ta ce, "Ku kawo dutsen."

Suka kawo suka ɗora. Taubashina ya gyara zaman dutsen. Inna ta durƙusa da ƙyar, ta kwance bakin zanenta, sai ga 'yan kunnen nan na shekaru, manya da ƙanana, wasu sun yi tsatsa. Ta tura su ƙarƙashin dutsen ɗaya bayan ɗaya. Na jira in ji ta yi addu'a ko ta ɗauko waƙar majami'a. Ba ta yi ba. Ta laluba ta kamo hannuna, ta jawo ni ƙasa har fuskata ta kusa taɓa dutsen, ta riƙe haɓata ta juya ta wajen ƙasa kamar mai nuna wa wani kaya. Sannan ta yi magana da muryar da ban taɓa jin ta yi mini ba, kuma ba da ni take ba.

"Sannu, ɗiyata, na daɗe ban zo ba. Tashi ki gani. Dubi yadda kinka girma."